Wa Ya Rubuta "Fitilar Ƙofa"?

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda nake lafiya, in ban da gwiwa, ita ma da sauƙi. Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. To, shekara hamsin na yi sai wani ya riƙe mini biro. Yanzu da na iya riƙewa da kaina, ba mai raba ni da shi. Ki yi haƙuri da layin, yana gangarawa kamar ɗinkin sabon shiga. Direban motar safe zai kawo miki.

Abin da kika turo mini a waya ya shigo. Kin ce shafinki ne, ke kika gina shi da hannunki, a nan za ki riƙa sa waƙoƙinki mutane su saya, ba sai kin bi ta hannun kowa ba. Kin ce in shiga in gwada, wai in har na iya sayen waƙa ban kira kowa ba, to kowa ma zai iya. Na gane zagin, na kuma karɓi aikin.

Rubutun ya yi ƙanana ƙwarai. Na sa gilashi, na fito bakin ƙofar shago inda haske yake, duk da haka sai da na ƙanƙance ido. Wurin da ake dannawa a saya kuma launinsa ɗaya da bangon shafin, na wuce shi sau uku. Da na danna wani abu mai kama da kan kibiya, sai wayar ta ɓarke da waƙa, ga ni ina tsaka da gwada matar mai kemis. Na rasa inda ake kashewa, na tura ta ƙarƙashin tarin yadi. Matar ta ce, "Wace ce wannan mai murya haka?" Na ce 'yata ce. Ta ce, "To tono ta mana, kin binne yarinya da ranta!" Mun ji har ƙarshe, tef ɗin awo yana rataye a wuyana.

Amma akwai abin da ke damuna. Shagon nan naki ba ƙofa ba kwaɗo, wa ke gadinsa in kin fita? In mutum ya sayi waƙa, saura nawa ke raguwa? In ta ƙare fa? Sannan hoton da kika sa a gaba, wuyan rigar a karkace yake. Ban tambayi wanda ya ɗinka ba, na dai san ba ni ba ce.

Kwana biyu na yi ina karatu, domin ba na tsallake kalma, har ƙananan nan na can ƙasa da kowa ke wucewa. Saura waƙa ta ƙarshe ban buɗe ba. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na'ura ba ta ƙosar da kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Ummata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Wasiƙarki ta zo, na karanta a tsaye a tasha ina dariya har direban ya ce ko an biya mini kujerar Hajji ne.

Na ƙara girman rubutun. Wurin saye yanzu ja ne wur, ko daga tsallaken titi za ki hango shi. Na kuma sa babban maɓalli na tsayar da waƙa, don kada a sake binne ni. Wata uku ina fama da shafin nan, abokaina biyar sun duba sun ce komai ya yi, ke kwana biyu kika kamo abin da ba su gani ba. Daga yau ke ce sufeto.

Waƙa ba ta ƙarewa, Umma. Kamar takardar yankanki ce: ki ɗora ta a yadi ɗari, ki fitar da riga ɗari, tana nan yadda take. Kwaɗo kuma akwai, kalmar sirri ce, ni kaɗai na sani. Batun wuyan riga, na tuba.

Asabar ta sama da wannan zan buɗe wa kowa, na riga na sanar. Don haka ki buɗe waƙa ta ƙarshe, amma ki zauna tukuna. Sunanta "Fitilar Ƙofa". Kin tuna zuwana na ƙarshe da na ajiye waya a gefen keken ɗinkinki na ce caji nake yi? Ƙarya na yi, ƙarar keken nake ɗauka. Ita ce kiɗan waƙar. Amshin kuwa kalaman nan ne na Baba da kike rerawa ƙasa-ƙasa in kina ɗinki, waɗanda kika ce a wasiƙa ya aiko miki lokacin da yake aikin gada:

Kowane ƙarfe na liƙa, hanyar gida nake gajartawa.
Ki bar mini fitilar ƙofa, ko da rana zan iso.

A ƙarƙashin kowace waƙa akwai layin da ake rubuta wanda ya yi baitin. A nan na sa: "Baiti: mahaifina, mai walda, daga wasiƙarsa." Abu ɗaya ya rage. Ki nemo mini wasiƙar, in ɗauki hotonta in sa a shafin, mutane su ga kalaman da rubutun hannunsa. Shekarata huɗu ya rasu, ban riƙe muryarsa ba, ko rubutunsa ban taɓa gani ba. Abin da na sani nasa ke nan, layi biyun nan.

Ki gaida matar mai kemis, ki ce mata na fito da raina.

Autarki.

*

Autata,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. Na ji waƙar. Na zauna kamar yadda kika ce, amma a kan keke na zauna, har na karya allura. Ashe haka kekena yake da daɗi ban sani ba. Allah Ya ƙara basira.

Batun wasiƙu, aljihun teburin da suke ciki ya cije saboda sanyi. Kuma takardun sun tsufa, ba za su yi kyau a hoto ba. Dole ne sai da hoto? Ga keken nan, na goge shi da mai, yana ƙyalli, shi ma ai yana cikin waƙar. Ki yi tunani.

Sai na ji daga gare ki.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida mutanen gidan da jikoki. Yaya jikin? Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta miki, ke da kika yi shekaru kina karanta mini nawa. Na zaɓi takarda ne domin abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba.

Kin san Auta tana gina shafin sayar da waƙoƙinta. Ta yi waƙa da kalaman fitilar ƙofa, ta rubuta a ƙasa cewa mahaifinta ne ya yi su, kuma tana son hoton wasiƙar kafin Asabar. Na ce mata aljihun tebur ya cije. Bai cije ba, Yaya. Ta kira ni sau uku, jiya har tana cewa za ta turo kafinta.

Shekara shida da suka wuce, makon da na fara haɗa baƙi a ajin manya, na rufe shago da wuri na ɗauko wasiƙun nan goma sha ɗaya. Don su na shiga ajin. Ina so in ga fitilar da idona. Ga abin da na samu a ta farko: "A gyara rufin ɗakin girki kafin ruwa ya sauka. A kai yaro allura. Takalmina ya yage. Ina lafiya." Na juya baya, fari fat. Na ce karatuna ne bai nuna ba. Na ƙara shekara guda a aji, na dawo na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Rufi, allura, takalmi, famfo. Ba fitila, ba hanyar gida. In ban da wani ɗan zane da yake yi a ƙasan takarda kamar ƙwai mai gashi, ba abin da ban iya karantawa ba.

Sai na tuna yadda kike yi. Ki karanta na sama da sauri, sannan ki yi gyaran murya, ki kalli bango, sai kalamai masu daɗi su fito. Ashe a bango suke rubuce.

Na yi fushi da ke na mako guda, ba ki ma sani ba. Daga baya na ga ba ni da bakin fushi, domin da kalaman nan na yi shekarun da ba ya gida, da su na yi takaba, da su na yi renon yaran nan. Sai na yi shiru, na ci gaba da rerawa.

Yanzu shirun ya ƙare. In na aika mata wasiƙar, na ƙwace mata abu ɗaya tilo da take riƙe da shi na ubanta, kuma na tona miki asiri. In na ƙyale, za a kafa abin da ba gaskiya ba a inda duk duniya za ta karanta, ni kuwa da ba na tsallake kalma kullum sai na gan shi. Kwana uku ke nan ina ɗinka hannun riga a baibai. Ki gaya mini yadda zan yi, kamar yadda kika saba. Ki yafe mini in na ɓata miki.

Ƙanwarki.

*

Uwar Fargaba,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, jikokin ne dai ba sa barin mutum ya ji da kunnensa.

Shekara shida! Kina kallona ina shan shayinki, ashe kin kama ɓarauniya kin zuba mata ido. Da na san ajin manya zai tona ni, da na zauna a kan gilashinki. Rubutunki ya yi kyau, amma kina cika danna biro, takarda ba yadi ba ce.

Tunda kin tambaya, saurara. Ranar wasiƙar farko kina zaune a bakin gado, yaro a cinya, wani cikin ya tsufa, mijinki wata biyu ba labari. Na karanta miki rufi da takalmi. Kika ɗago ido kika ce, "Shi ke nan?" Ni kuwa ba na iyawa da idon nan naki tun kina goye. Na ce a'a, akwai saura a baya. Na juya, ba komai. Na ɗaga kai, sai ga ƙwan fitilar da ke saman ƙofarku. Abin da ya zo bakina ke nan. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba.

Amma rabin labari kika sani. Kin tuna ranar da ya dawo da azahar ya tarar da fitila a kunne, rana tsaka, kika ce masa ga shi kin bar masa kamar yadda ya ce? Bawan Allah ya yi murmushi ya ce madalla. Washegari ina ofis ina buga tafireta, sai ga shi a gaban teburina, hula a hannu, yana zufa. Ya ce, "Yaya, don Allah me na ce?"

Na yi dariya har shugaban ofis ya leƙo. Na buga masa a takarda, ya karanta sau uku, ya ninke ya sa a aljihu. Na ce, "Ba ka jin kunya? Mutum ya yi wata biyu, abin da zai aiko wa matarsa takalmi?" Ya ce, "Wallahi Yaya abin da ke raina ke nan kika faɗa. Ni ƙarfe na iya haɗawa, ba magana ba. Kowane ƙarfe na liƙa a gadar nan, gani nake hanyar gida nake gajartawa, amma in na ɗauki biro sai rufi ya fito." Na ce, "Ka ga sakarai, ga shi ka faɗa!" Shi na ƙara miki da baki da na zo karanta wasiƙa ta biyu. Don haka layin ƙarfe nasa ne, daga bakinsa na ɗauka. Layin fitila nawa ne, kuma ba na bayarwa.

Kafin ya tafi ya ce zai riƙa yin alama a ƙasan takarda, in na gani in ƙara miki abin da ya kasa. Ƙwai mai gashin da kike faɗa, fitila ce, 'yar nan! Mai walda ne, ba mai zane ba. In kina ganin wannan ma a bango na karanto, je ki duba: ta farko ba ta da alamar, sauran goman duk suna da ita.

Ki ba yarinya gaskiyarta, ba jaririya ba ce. Ki haɗa mata da wannan takardar tawa. Kuma ki gaya mata in za a sa hoton marubuciya, a jira in ɗinka sabuwar riga, a wajenki, kyauta.

Yayarki.

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki. Aljihun tebur bai cije ba, ni ce na cije.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardu uku ban da wannan. Biyu wasiƙun mahaifinki ne, ta farko da ta biyu. Ki riƙe su a hankali, ninkin ya kusa rabuwa. Ta uku ta Innarki Babba ce, jiya ta zo mini. Ki fara karanta na mahaifinki. Za ki nemi fitila ba za ki gani ba. Kada ki yi kuka tukuna, ki karanta ta Innarki, sannan ki koma ki dubi ƙasan ta biyu.

Ni na duba. Na baje su duka a kan teburin yanka, na kira matar mai kemis ta zama shaida, ko da yake ban gaya mata shaidar me ba. Goma suna da alamar, ɗaya ba ta da ita. Shekara shida ina kallon abin nan ina cewa ƙwai ne. Na yi dariya, na yi kuka, matar ta ce ko ta kawo mini maganin hawan jini.

Tun ina ajin manya na san kalaman ba sa cikin takarda, ban gaya miki ba. Wannan laifina ne, ba na Innarki ba, ba na mahaifinki ba. Na ji tsoron in karɓe miki shi ne. Har yanzu ina jin tsoron. Ban san yadda za ki ɗauka ba, domin uban da kika rera wa waƙa mai iya magana ne, wanda ke cikin ambulan ɗin nan kuwa mai yagaggen takalmi ne. Amma shi na aura, kuma da za a sake, shi zan sake aura.

Layin da kika rubuta a ƙarƙashin waƙar dai ba daidai ba ne, sufeto ta faɗa. In kin ga cire waƙar ya fi, ki cire, ba zan ce komai ba. Ki dai amsa mini, ko da kalma ɗaya ce.

Mahaifiyarki.

*

Ummata,

Wa alaikumus salam. Ki yafe mini shirun kwana biyu, na ga kiranki bakwai. Ba fushi nake ba. Na karanta na Baba, na kashe na'ura na fita na yi ta tafiya har bayan kasuwa. Na dawo na karanta ta Inna Babba, maƙwabciyata ta buga ƙofa ta ce lafiya nake dariya ni kaɗai.

Umma, ba ki karɓe mini kowa ba. Da ina da layi biyu. Yanzu ina da mutum mai hula a hannu yana cewa "me na ce?" Na san yadda yake rubutu, yana danna biro kamar ke. Na san takalminsa ya yage. Jiya na zauna gyara shafi na kasa, sai kallon alamar nake yi.

Waƙar ba ta zuwa ko'ina. Na sa hoton wasiƙa ta biyu yadda take, da famfonta da komai. Alamar kuma na ɗauke ta na ɗora a can saman shafin, kusa da sunana, duk wanda ya shigo da ita zai fara haɗuwa. Wani abokina ya ce, "Wannan ƙwan fa?" Na ce ya bi a hankali, gadon gidanmu ne.

Na kira Inna Babba. Ta ce ita ba ta son kaso, amma a rubuta cewa layinta ya fi na Baba daɗi. Na ce wannan sai masu saye sun yanke.

Tsohon layin na goge. Na gwada rubuta sabo sau goma, kowanne ya fito kamar takardar kotu. Wurin yana nan fari, kuma jibi ne Asabar. Ke za ki rubuta shi, Umma, da hannunki, a farar takarda. Ki ba direban motar safe, zan jira shi a tasha. Hotonsa zan sa, ba bugawa zan yi ba. Shekaru wasu suna faɗa miki abin da ke takarda, yanzu ke za ki faɗa wa duniya.

Ki gaida gwiwa.

Autarki.

*

Autata,

Assalamu alaikum. Na ɓata takarda tara, ga ta goma:

"Mai walda ya ji a ransa, yayata ta faɗa da bakinta, ni na riƙe, 'yata ta rera."

Ya gangara kaɗan. Kada ki miƙe shi.

Matar mai kemis ta ce ita za ta fara saye gobe, na nuna mata jan wurin. Innarki ta aiko da awonta, ta rage inci biyu a ƙugu, zan mayar mata da su.

In kin buɗe shagon naki kin ga ya tsaya da ƙafarsa, ki sa masa kwaɗon nan ki zo gida ki huta. Na sa sabon ƙwai a fitilar ƙofa. Tana kunne, ko da rana za ki iso.

Mahaifiyarki.